Yadda Ake Haɗa Motar Kara Mai Sitiyari, Irin Wadda Muka Tuƙa a Lungunan Zariya

Da kakar bara ɗan ƙanwata ya zo mini da kuka, wai motar robar da aka sayo masa a kasuwar Sabon Gari ta daina tafiya, kwananta huɗu kacal. Na juya ta sama da ƙasa, babu inda mutum zai sa hannu ya gyara. Sai na ce a samo mini kara. Kafin la'asar yaran layin sun cika ƙofar gidan, har da wasu iyayen da suka tsaya wai kallo, alhali hannunsu ne ke ƙaiƙayi. Biyu daga cikinsu suka ce sun manta yadda ake ɗaura zaren sitiyari, shi ya sa na ga gara in rubuta abin tun daga tushe.

Ni a wajen yayana na koya, wajajen 1978, muna zaune kusa da Ƙofar Kuyambana. A lokacin kana fita ganuwa gonakin dawa ne har ka doshi Kufena, kara kuwa sai wanda ka ga dama. Mun yi gare da bakin tayar keke, mun murza kodi, mun yi bindigar taɓo da tabarau na kara, 'yan mata suna can da 'yar tsana da carafke. Amma mota ita ce ke raba gwani da ɗan kallo. Wadda zan koya maka babbar mota ce mai bodin katako, samfurin Marsandi mai hanci da ke ɗaukar auduga da buhunan hatsi. Kada ka fara da ƙaramar mota. Mun sha gwada Fijo, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, amma jikinta lanƙwashe-lanƙwashe ne, kara kuwa ba ya son lanƙwasa. Babbar mota duk miƙaƙƙen layi ce, kamar don kara aka yi ta.

Kayan da za ka tanada

Karan dawa busasshe, kamar guda 10, masu kauri, da wasu sirara 3 ko 4. Sabuwar reza, ko ƙaramar wuƙa mai kaifi. Basilla ko siririyar ƙusa ta huda. Ƙusa 'yar inci biyu guda 2. Tsohon silifa ƙafa biyu, ko sakaina mai kauri. Wayar ƙafar keke guda 2, wadda za ka samu a wurin mai gyaran keke. Bututun biro da ya ƙare guda 2. Zare mai ƙarfi, irin na ɗinkin buhu. Robar cikin tayar keke, a yanka ta sirara. Marfin kwalbar lemo kamar 4. Ƙaramin gwangwanin tumatir, na awon taya. Sai ƙyallen da tela ya zubar, da tawada da alƙalami idan kana son rubutu.

Ba sai ka nemi abin awo ba. Da yatsa da taƙi da kamu muke aunawa, haka zan ba ka.

1. Zaɓen kara

A nan rabin aikin yake, kuma a nan mafi yawan masu koyo ke faɗuwa tun ba su fara ba. Karan doguwar dawa kake so, farafara ko kaura ta gargajiya, mai dogayen gaɓoɓi. Gajeriyar dawar nan da masu binciken noma na Samaru suka fitar alheri ce ga manomi, amma ga mai ƙera mota ba ta da daɗin aiki, gaɓarta gajera ce, kafin ka sami tsawon da kake so ka ci karo da ƙulli. Karan masara yana da kwari a gefe ɗaya kuma cikinsa zare-zare ne, ba ya yankuwa sumul. Karan gero siriri ne, ya yi daidai da ƙananan wurare kawai. Takanda kuwa kada ma ka soma, zaƙinta zai tara maka tururuwa.

Lokacinsa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, bayan an yanke dawa kara ya sha iska. Ɗauki kara ka matsa shi da babban yatsa. Idan ya lotsa, ɗanye ne ko ruɓaɓɓe, ajiye shi. Duba jikinsa, in ka ga ƙananan huji, tsutsa ta riga ka, cikinsa ya zama gari. Karya guda ɗaya ka leƙa totuwar. Fara tas kake so, mai tauri kaɗan. Wadda ta yi ja ko baƙi-baƙi ba ta riƙe tsinke.

Yanzu da gine-gine suka cinye gonakin bayan ganuwa, sai ka ɗan taka zuwa wajen Wusasa, ko Dakace, ko Shika, ka roƙi mai gona. Ko ka tari masu kawo ɗaurin kara cikin gari don masu tuya. In za ka zaro daga tarin da ya kwana biyu a jingine, fara bubbuga shi da sanda, kunama na son wurin. Abu ɗaya kuma: kada ka zare daga darnin mutane. Na taɓa zare guda uku daga na wata tsohuwa maƙwabciyarmu, awakinta suka bi ta kafar suka shiga gonar rogon wani. Abin da ya biyo baya a zaure ba sai na faɗa ba.

Idan hunturu ya busar da karan har yana ƙaras-ƙaras, naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu ya yi kamar awa biyu. Kada ka tsoma shi a ruwa. Karan da ya jiƙe sosai zai motse bayan ka gama, duk tsinkayenka su saki.

2. Ɓara da fiƙe tsinke

Ware kara 4 mafiya ƙarfi da miƙewa ka ajiye gefe, waɗannan ba za a ɓare su ba. Sauran ka yanyanka su gaɓa-gaɓa, kana zubar da ƙullin. Ɗauki gaɓa ɗaya, ka sa bakin reza a kanta ka ɗaga ɓawon kaɗan, sannan ka ja shi ƙasa a hankali. Zai taho dogo kamar zare. Haka za ka zagaye har farar totuwa ta fito tsirara.

Ɓawon nan ya fi rezar hannunka haɗari, don ita ka san da ita, shi kuwa ba ka zata ba. Kada ka bari ya zame tsakanin yatsu. Riƙe shi gam ka ja, kada yatsa ya bi gefensa. Mu da haƙori muke ɓara, kuma babu wanda leɓensa bai tsage ba a cikinmu. Kada ka bar yaro ya yi haka. In yaron bai kai shekara goma ba, kai ka riƙe reza, shi ya riƙa miƙo kaya da soka tsinke.

Kada ka zubar da ɓawon, shi ne ƙusarka kuma shi ne katakonka. Tsaga wani sirara kamar tsinken sakace, ka yanka su tsawon rabin yatsa, ka fiƙe baki ɗaya a karkace. Yi kamar 60, za su ƙare ba ka sani ba. Yi wasu dogaye masu tsawon taƙi guda kamar 12. Masu faɗin kuma ka bar su yadda suke, su ne allunan bodi. Wanda ya sami ƙayar aduwa ya huta da fiƙa, ta fi ƙarfi ma, sai dai ka lura inda kake zubar da ita saboda masu yawo ba takalmi.

3. Gadon mota

Wannan shi ne ƙashin motar da komai zai zauna a kai. Makanikai suna da sunan da suke kiransa, mu dai gado muke cewa. Daga karan da ba ka ɓare ba, yanko biyu masu tsawon kamu ɗaya da yatsa huɗu, kaurinsu ɗaya. Shimfiɗa su a ƙasa a jere, tsakaninsu faɗin tafin hannu. Sa kaurin gindinsu ya kalli gefe guda, in ka juya ɗaya motar za ta karkace.

Sannan ka yanko gajeru 4, su ma da ɓawonsu, waɗanda za su gicciya. Na farko a sama, yatsa uku daga goshin mota. Na biyu a ƙarƙashin dogayen, yatsa huɗu bayan na farko. Riƙe wannan a ranka, a ƙarƙashi yake, kuma shi ya kamata ya fi duka ƙarfi, don a kansa sandar tuƙi za ta zauna, duk turin da yaro zai yi shi zai sha. Na uku a sama, tsakiyar gado. Na huɗu a sama, can ƙarshe.

A kowace mahaɗa ka ɗan fafe ɓawon kaɗan yadda karan biyu za su zauna a juna, ka huda da basilla, ka soka tsinke, sannan ka ɗaure da robar taya. Kada ka tura tsinke cikin kara mai ɓawo ba tare da ka fara hudawa ba, ko tsinken ya karye ko karan ya tsage. Wasu suna barin ɗaurin roba wai yana ɓata kyau. Na yarda yana ɓatawa, amma na ga motocin da suka rabu biyu a tsakiyar tsere, mai su na riƙe da sitiyari kawai.

Ɗora gadon a kan daɓen siminti ka danna kusurwoyin huɗu. In yana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa, gyara yanzu. Bayan an ɗora bodi ba ya gyaruwa.

4. Tayoyi

Motar da ba ta gungura ba mota ba ce, kayan ado ce. Na ga yara da yawa sun ɓata yini guda suna ƙawata gidan direba, suka yanka taya cikin minti biyar, ƙarshe suna jan abin a ƙasa kamar mataccen ƙadangare. Ba wa taya lokacinta.

Kifa gwangwanin tumatir a kan silifa ka zagaye shi da biro. Zaɓi wurin da bai cinye ba, wajen tsakiyar ƙafa, don dugadugan sun riga sun siɗe gefe ɗaya. Taya 6 kake so, biyu gaba, huɗu baya, bibbiyu a kowane gefe kamar ta gaske. In silifan bai isa ba, huɗu ma sun wadatar. Yanka da reza a tsaye, kana bin layin sau biyu ko uku a hankali maimakon ka nemi ratsawa lokaci guda. In ka kwantar da rezar, gefen tayar zai fito a zube. Bayan nan ka goga bakinta a kan siminti ko dutse kana juyawa har kusurwoyin su ɓace.

Ga dabarar gano tsakiya, wadda ban sani ba sai da na girma, da can da ido muke yi muna shan wahala. Zana da'irar gwangwanin a takarda, ka yanke ta, ka ninka biyu, ka sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu nan ne cibiya. Ɗora takardar a kan kowace taya ka soka basilla. Huji in ya kauce ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa ɗingishi.

Tayar silifa tana kama waya gam, saboda haka wayar ce za ta riƙa juyawa a cikin bututun biro, tayoyin na bin ta. Cire hancin biro da toshiyar bayansa, ka zura wayar, ka soka taya a kowane gefe. Tsakanin taya da bakin bututu ka bar ɗan sarari kamar kaurin farce biyu. In ka matse, ba za ta juya ba. In wayar ta yi tsawo, lanƙwasa ta gaba da baya da filaya har ta karye, sannan ka toshe bakin da guntun roba don kada ta yagi ƙafar wani.

Idan sakaina ka samu, wadda ita ce ta asali kafin silifa ya yawaita, aikin ya ɗan bambanta. Ba a yanka ta lokaci guda, ana ɓantara ne kaɗan-kaɗan da wuƙa har a kusa layi, sauran a ƙarasa da guga a dutse. Hujinta da ƙusa mai zafi ake yi, ka riƙe ƙusar da filaya, in ka buga ta da sanyi sakainar za ta dare. Ita ba ta kama waya, don haka wayar za ka ɗaure ta tsaya cik, tayar ta riƙa juyawa a kanta, ka tare ta ciki da waje da guntayen totuwa ko roba. Tayar sakaina ta fi ƙara mai daɗi a kan tsakuwa, amma ta silifa ta fi ƙarko, kuma ba ta zamewa a siminti.

Babu wayar keke? Nemi tsinke mai kauri daga tsintsiyar kwakwa, ko kyauro miƙaƙƙe. Babu biro? Ɗauki siririn kara ka zura waya mai zafi ta cinye totuwar, ya zama bututu. Marfin kwalba ma yana yin taya, sai dai ga ƙaramar mota, a babbar sai ta zama kamar ƙato da takalmin yaro.

5. Wuya da ƙafar baya

Abin da muke kira wuya shi ne guntun karan da ke ɗauke da tayoyin gaba, wanda ke juyawa hagu da dama. Yanko shi da ɓawonsa, ya fi faɗin gado da yatsa biyu a kowane gefe. Wannan rarar ita ce ke ba tayoyin damar karyawa ba tare da sun gogi gado ba. Ɗaure bututun gaba a ƙarƙashinsa da roba. In bututun bai kai tsawon wuyan ba, haɗa biyu baki da baki, ko ka rage faɗin wuyan kaɗan.

Huda tsakiyar gicciyen farko, ka huda tsakiyar wuya. Fasa marfin kwalba ɗaya ya baje, ka huda shi, ka sa shi tsakaninsu, shi zai hana kara cin kara. Sai ka zura ƙusa daga sama ta ratsa gicciye da marfi ta shiga wuyan. Kula kada tsininta ya kai ga bututun da ke ƙasa ya danne wayar. Juya wuyan da yatsa, ya kamata ya tafi ba gardama amma ba ya lilo. Da yake gicciyen a saman gado yake, wuyan kuma a ƙasa, za ka ga rata a tsakani, cike ta da guntun kara da ƙusar za ta ratsa.

Na baya ba ya juyawa, amma kada ka ɗaure bututunsa kai tsaye a jikin gado. In ka yi haka gaba zai fi baya tsawo, motar ta zama kamar tana hawan tudu kullum. Sa guntun kara mai kaurin wuyan a tsakani, wajen taƙi ɗaya daga ƙarshen gado, sannan ka ɗaure.

Yanzu tura ta a tsakar gida ka sake ta. In ta yi taku biyar ko shida ita kaɗai, ka ci gaba. In ta tsaya nan take, akwai abin da ke gugar wani abu, nemo shi.

6. Gidan direba da bodi

Nan ne totuwa ke aiki, kuma nan ne kowa ke nuna gwanintarsa, don haka ba zan ɗaure ka da awo da yawa ba. Kafa ginshiƙai huɗu na totuwa a kan gado, tsayin yatsa shida, su ne kusurwoyin gidan direba. Haɗa kawunansu da wasu guntaye. Rufin kuwa, jera totuwa biyar ko shida gefe da gefe, ka ratsa su da dogayen tsinkaye biyu su zama kamar faifai, ka ɗora. Hancin mota guntaye ne uku a jere, biyu a kansu, a gaban gidan direba. Bari bayan gidan a buɗe, kuma kada ka yi masa daɓe, ta nan sanda da zare za su bi.

Sirrin soka tsinke a totuwa shi ne a karkace, kuma bibbiyu, ɗaya ya zo ta nan ɗaya ta can su gicciya a ciki. Tsinke ɗaya miƙaƙƙe zarewa yake yi da motar ta ci rami biyu. Kada kuma ka soka daf da bakin totuwa, za ta tsage.

Bodi: kafa ginshiƙai uku a kowane gefe, ka haɗa su da doguwar totuwa a sama. Sai ka ɗauki faffaɗan ɓawon nan ka riƙa soka bakinsu cikin ginshiƙan a kwance, layi-layi, da ɗan sarari tsakani. Idan ka ja baya ka duba, sai ka rantse bodin katako ne na motar da ke lodi a tasha. Sa gefen ɓawon mai sheƙi ya kalli waje. Daɓen bodi kwali ya isa. Bangon gaban bodi kuwa ka yi sandarsa ta sama da kara mai ɓawo, ka ɗaure ginshiƙansa da kyau, akwai nauyin da zai ɗauka.

7. Sitiyari

Ga abin da mutanen nan biyu suka manta. Ɗauki kara mafi tsawo da miƙewa. Tsawonsa ya danganta da direban: in yaron ya tsaya a bayan motar, sandar na kwance a karkace, kanta ya zo masa daidai cibiya. Soka ƙusa ta biyu a siririn bakin, ka bar rabin tsininta a waje, wato kan ƙusar za ka cire ko ka tura shi ciki, sannan ka naɗe wurin da roba don kada ya tsage. Huda tsakiyar gicciye na biyu a karkace, yadda hujin zai kalli baya da sama. Zuro sandar ta bayan gidan direba, ƙusar ta zauna cikin hujin. Jikin sandar zai kwanta a kan bangon gaban bodi. Yi mata zobe da waya ko zare a wurin, sako-sako, yadda za ta juya amma ba za ta fice ba.

Yanko zare kamar kamu ɗaya. Ɗaura baki ɗaya a jikin wuya ta hagu, daga cikin gado, daf da dogon karan. Kawo shi wurin sandar, dab da ƙusa, ka naɗa sau uku. Sannan ka kai ɗaya bakin ka ɗaura a wuya ta dama, a daidai irin wurin. Kafin ka ƙulle, daidaita tayoyin su kalli gaba sak, ka ja zaren ya yi tauri. In ka murza sandar, gefe ɗaya na naɗewa yana jawo wuyan, ɗayan na warwarewa.

Abu biyu ne ke faruwa da kowa a karon farko. Na ɗaya, ka murza dama motar ta yi hagu. Ba wani abu ba ne, naɗin ne ka yi a juye, kwance ka naɗa ta ɗaya hannun. Na biyu, sandar na juyawa zaren na zamewa. Soka ƙaramin tsinke ya ratsa naɗin tsakiya ya shiga karan, ko ka fara naɗa roba a wurin kafin zaren. Zaren lilo mai santsi ba ya yi, shi ya sa na ce na buhu.

Kan sandar kuma sai ka yi masa abin riƙo. Mafi sauƙi marfin babban gwangwani ko da'irar sakaina, a huda tsakiya a zura, a tare da tsinke. Mai son wahala ya jiƙa dogon ɓawo ya lanƙwasa shi zobe, ya gicciya tsinkaye biyu a ciki su ratsa sandar. Ya fi kyau, bai kai mako ba yake karyewa.

Idan yaron ƙarami ne sosai, ka manta da duk wannan matakin. Ɗaure wuyan ya tsaya cik, ka sa zare a goshi ya riƙa ja.

8. Kwalliya da ƙara

Fitilu marfin kwalba ne biyu, cikinsu na kallon waje. Madubi, mu takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari muke tsinta, yanzu ledar biskit ta wadatar. Gilashi farar roba ce daga gorar ruwa, a tsaga totuwa kaɗan a zura bakinta. Ƙyalle ya zama tamfol. Kada ka manta safaya a bayan gidan direba, da ɗan tsani a gefe inda karen mota zai maƙale. Cikin gidan direba muna sa ɗan ƙaramin sitiyari na ado, kuma a kansa na sha faɗa da yayana: shi a dama yake sa nasa, don ya buɗe ido da motocin kafin Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ni kuwa na ce hagu.

Totuwa tana shan launi. Shuɗin wanki yana ba da shuɗi. Ja kuwa, in ka sami karan dafi, wanda masu jima ke rina fata da shi, jiƙa kubensa da 'yar kanwa ka shafa da tsinke. Kada ka yi wa motar wanka da shi, ɗigo-ɗigo ake yi. Rubutun goshi da tawadar allo muke yi, ranar Alhamis da babu makaranta: Allah ba mu sa'a, ko Sai haƙuri, ko Na gode Inna. Lamba ka rubuta ZAR da duk adadin da ya zo maka.

Ƙarar inji kuma, yi ƙananan tsaga kamar takwas a gefen tayar baya ta ciki, ko ka soka gajerun tsinkaye a jikinta. Ɗaure guntun ɓawo mai tauri a gado yadda bakinsa zai riƙa taɓa su. Tana tafiya tana tatata, in an ƙara gudu ƙarar ta ƙaru. Kada ɓawon ya danna da yawa, sai ya zama birki. Canjin giya da hon dai har gobe da baki ake yi.

9. Lodi da ajiya

Motar kara tana ɗaukar totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da kwalin ashana cike da yashi a matsayin buhu. Ba ta ɗaukar dutse, ko da yaron ya rantse ƙarami ne. Sa nauyin a kan tayoyin baya. In ya yi gaba, wuyan zai ƙi juyawa.

Abin da ke fara lalacewa zaren sitiyari ne, sai hujin gicciye na biyu da ke faɗaɗa. In ya faɗaɗa, baje marfin kwalba ka huda ka ɗaura a wurin, ƙusar ta zauna a ƙarfe. Ginshiƙin da ya karye zare shi ake yi a sa sabo, minti biyu ne. Da irin wannan gyaran mota ɗaya takan kai mu tun daga kaka har zafin bazara.

Kada ta kwana a tsakar gida. Raɓa na sa ta laushi, gara na shiga ta ƙasa, akuya kuwa abinci take gani. Rataye ta a ƙusa a zaure ko ka ɗora ta a kan katanga mai rufi. Kuma ka sanar da matan gida cewa wannan ba makamashi ba ce. Mafi kyawun motar da na taɓa yi, mai taya goma da tirela a baya, na bar ta a bakin madafa na tafi makarantar dare. Da na dawo sai na tarar da tayoyin a jere a kan turmi, an cire mini su da kyau. Na ce, "Inna, ina sauran?" Ta ce, "Itacen ne ya ƙi kamawa. Wanke hannu ka zo ka ci tuwo."